Manhajojin daidaita jimlar sinadarai: sharhi daga ɓangaren ilimin harshe

1. Gabatarwa

Tun da aka ƙaddamar da Kundin Sake Gina Ƙasa a watan Maris na 2025, wanda ya ba hausa matsayin harshen ƙasa, ya kuma mai da faransanci da ingilishi harsunan aiki, tsohuwar tambayar nan ta koyar da kimiyya cikin harsunanmu ta sake tasowa. Tambayar ta girmi ɗalibanmu, tunda makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da hausa an buɗe ta a Damagaram tun 1973, sai dai mafi yawan aikin da aka yi daga wancan lokaci a firamare ya tsaya.

Daga cikin ra'ayoyin da ake ji tsakanin malamai, akwai mai cewa kimiyyar sinadarai ba ta da wata matsalar harshe. Hujjar masu wannan ra'ayi biyu ce. Ta farko, alamomin fannin iri ɗaya ne a duk duniya: H₂O ruwa ne a Tawa, ruwa ne a Tokyo. Ta biyu, aikin da ya fi wahalar da ɗaliban kwaleji da lise, wato daidaita jimlolin sinadarai, yanzu kwamfuta ko wayar salula na yin sa cikin ƙiftawar ido. A ganinsu ke nan, ɓata lokaci ne a zauna ana ƙirƙiro kalmomin hausa domin abin da na'ura ta riga ta gama.

A cikin wannan ƴar maƙala za mu duba abin da manhajojin suke yi da abin da suke bari. Matsayinmu shi ne, ɓangaren da na'ura ta ɗauke wa malami shi ne wanda dama bai dogara da harshe ba, wanda ta bar masa kuwa da kalmomi ake yin sa. Don sauƙin bayani za mu yi amfani da waɗannan kalmomi: jimlar sinadarai (équation chimique), lambar gaba (coefficient), lambar gindi (indice), zarra (atome), molekil (molécule), da tushen sinadari (élément). Mun zaɓi kalmar «jimla» da gangan, saboda a hausa tana nufin abin da lissafi ya tara, tana kuma nufin zance mai kai da gindi. Kamar yadda za a gani, ma'ana ta farko kaɗai na'ura ta sani.

2. Abin da manhaja take yi

Ka'idar da aka gina daidaitawa a kanta tana cikin littafin Lavoisier na 1789, Traité élémentaire de chimie, a babin da ya yi maganar rugar ruwan inabi: nauyin abin da ya shiga cikin sauyi daidai yake da nauyin abin da ya fito. Alamomin haruffa da muke amfani da su yau Berzelius, mutumin Suwidin, ya kawo su a 1813 da 1814. Hanyar aljabara ta nemo lambobin gaba kuwa, Bottomley ya bayyana ta a Ingila tun 1878. Saboda haka dabarar ta girmi kwamfuta da shekaru masu yawa. Abin da na'ura ta ƙara shi ne sauri.

Mu ɗauki ƙonewar butan, iskar gas ɗin girki irin wadda matatar man Damagaram take fitarwa tun da ta fara aiki a 2011:

(1) a C₄H₁₀ + b O₂ → c CO₂ + d H₂O

Kowane tushen sinadari yana ba da sharaɗi ɗaya. Karbon: 4a = c. Hidrojen: 10a = 2d. Oksijen: 2b = 2c + d. In aka ce a = 1, sai a sami c = 4, d = 5, b = 6,5. A ninka duka sau biyu don a rabu da rabin, sai a sami:

(2) 2 C₄H₁₀ + 13 O₂ → 8 CO₂ + 10 H₂O

A ma'aunin nauyi, giram 116 na butan da giram 416 na oksijen sun ba da giram 352 na CO₂ da giram 180 na ruwa, wato 532 a hagu, 532 a dama. Manhaja tana jera waɗannan sharuɗɗa cikin jadawalin lambobi, ta warware su da hanyar Gauss, ta fitar da mafi ƙanƙantar cikakkun lambobi. Abubuwa huɗu da sharuɗɗa uku suka rage amsa ɗaya tak, in ban da ninki.

Kayan aikin da ake samu yau kala uku ne. Akwai masu ba da amsa kai tsaye, kamar Wolfram Alpha, wadda aka buɗe a 2009, da tarin ƙananan manhajojin waya. Akwai na masu rubuta tsarin kwamfuta, kamar ChemPy, wadda aka rubuta da harshen Python. Akwai kuma na koyarwa, kamar wasan daidaitawa na PhET, shirin da Carl Wieman ya kafa a Jami'ar Kolorado ta Amurka a 2002. Dole mu yaba musu a inda suka cancanta. Ba su kuskuren ƙidaya, kuma jimla mai abubuwa takwas ko goma, wadda za ta cinye wa ɗalibi rabin awa, ba ta fi (1) wuya a gare su ba.

3. Jimla mai nahawu, marar gaskiya

Ga masanin harshe, aikin da aka bayyana a sama yana da suna: duba jituwa ne tsakanin sassan jimla. A dubi waɗannan misalai, inda tauraro yake nuna jimlar da nahawu bai karɓa ba:

(3) a. Akuya ta ci ciyawa.
b. *Akuya sun ci ciyawa.
c. Ciyawa ta ci akuya.

Nahawu ya kori (3b) saboda suna tilo ne, wakilinsa kuwa jam'i. Amma bai da abin cewa game da (3c), wadda jituwarta cikakkiya ce. Sanin duniya ne yake korar ta. Wannan rarrabewa tsakanin ginin jimla da ma'ana sananniya ce tun littafin Chomsky na 1957, Syntactic Structures. Yanzu a dubi wannan zubin kamantau:

(4) a. Zn + 2 HCl → ZnCl₂ + H₂
b. Cu + 2 HCl → CuCl₂ + H₂

Ga ƙidayar zarra, (4a) da (4b) tagwaye ne, kuma duk manhajar da ƙidaya kaɗai take yi za ta daidaita su ba tare da wata magana ba. A ɗakin gwaji kuwa, tutiya in ta shiga ruwan asid ɗin nan sai ta fara tafarfasa tana fitar da hidrojen, jan ƙarfe kuma ya zauna shiru, domin yana ƙasa da hidrojen a jerin ƙarfin ƙarafa, ba ya iya ture shi daga gurbinsa. Jimla (4b) ƴar'uwar (3c) ce.

Haka zancen kibiya yake. Kibiyar ita ce aikatau na jimlar, ita ke faɗin wane ne ya shiga, wane ne ya fito, da kuma ta wace hanya. Aljabara tana karanta ta a matsayin alamar «daidai da», wadda ba ta da gaba ba ta da baya. Misali:

(5) CaCO₃ → CaO + CO₂

Wannan shi ne sauyin da ake yi wa dutsen farar ƙasa a masana'antar siminti irin ta Malbaza: giram 100 na dutsen suna ba da giram 56 na CaO da giram 44 na CO₂. Lambobin gaba duka 1 ne, don haka manhaja ba ta da aikin yi. Amma duk ilimin da ke cikin (5) a kan kibiyar yake: sai zafi ya kai wajen digiri 900 kafin sauyin ya kankama, kuma a zafin da muke rayuwa cikinsa baya abin yake komawa, CaO na shan CO₂. Ɗalibin da allon waya ya gaya wa cewa jimlarsa ta daidaita bai koyi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

4. Harshen damo

Matsala ta biyu ta fi ta farko haɗari, domin a nan manhaja tana iya ba da amsar da ta yi kama da gaskiya. Idan yawan abubuwan da ke cikin jimla ya ɗara yawan sharuɗɗa da biyu ko fiye, amsoshin ba su da iyaka, kuma ba ninkin juna suke ba. Misalin da aka fi sani shi ne haɗuwar farmanganat, wannan garin mai launin shunayya da ake wanke salati da shi, da ruwan oksijene na wanke ciwo, cikin asid sulfurik. Abubuwa bakwai ne, tushen sinadarai biyar:

(6) a. 2 KMnO₄ + H₂O₂ + 3 H₂SO₄ → K₂SO₄ + 2 MnSO₄ + 3 O₂ + 4 H₂O
b. 2 KMnO₄ + 3 H₂O₂ + 3 H₂SO₄ → K₂SO₄ + 2 MnSO₄ + 4 O₂ + 6 H₂O
c. 2 KMnO₄ + 5 H₂O₂ + 3 H₂SO₄ → K₂SO₄ + 2 MnSO₄ + 5 O₂ + 8 H₂O

Mai karatu na iya ƙirgawa da kansa: dukan ukun a daidaice suke. Amma (6c) kaɗai ce abin da yake faruwa a cikin kwalba. Dalili shi ne musayar elektaron. Kowace zarrar manganez tana saukowa daga +7 zuwa +2, wato tana karɓar elektaron biyar, biyu sun karɓi goma. Kowane molekil na H₂O₂ yana ba da biyu, don haka sai an sami biyar. Manhajar da aka tsara ta zaɓi mafi ƙanƙantar lambobi (6a) za ta fitar. Ɗalibin da ya yi awon ƙarfin ruwan oksijene da farmanganat, ya ɗauki rabon 2 da 1 a maimakon 2 da 5, sakamakonsa zai fito kashi ɗaya cikin biyar na gaskiya, kuma lissafinsa duka zai yi kyau a takarda.

Misali na biyu ya fi kusa da gida, ƙonewar gawayi:

(7) C + O₂ → CO + CO₂

Ana iya daidaita (7) da 3, 2, 2, 1, ana iya daidaita ta da 4, 3, 2, 2, da sauransu ba iyaka. A gaskiya jimloli biyu ne aka cusa cikin ɗaya, mai ba da CO₂ da mai ba da CO, kuma yawan iska da zafin wuta ne suke raba musu gawayin. Wannan bambanci shi ne yake kashe mutanen da suka kwana da kaskon wuta a ɗaki rufe lokacin ɗari. A nan ChemPy ta cancanci yabo, domin in ba a umurce ta da ta zaɓa ba, tana mai da amsa mai ɗauke da harafin da ba a san ƙimarsa ba, wato tana shaida wa mai tambaya cewa jimlarsa harshen damo gare ta. Ma'aunin da muke ba malamai shawara su auna kowace manhaja da shi ke nan: a ba ta (6) da (7), a ga ko za ta nuna akwai zaɓi, ko za ta zaɓa a ɓoye.

5. Rubutu da karatu

Masu cewa alamomin sinadarai sun fi ƙarfin harshe suna mantawa da abu biyu: ana rubuta su da allon haruffa, ana kuma karanta su da baki.

Ta fuskar rubutu, ƙa'idar Berzelius tana amfani da girman harafi da matsayin lamba wajen rarrabe ma'ana. Co ƙarfen kobal ne, CO iska ce mai guba. Allon haruffan waya layi ɗaya gare shi, ba sama ba ƙasa, kuma yakan sauya girman harafi da kansa. Don haka Fe³⁺ yakan koma Fe3+, SO₄²⁻ ya koma SO42-, kowace manhaja kuma da irin hanyar da ta tanada don gane su. Wannan ciwo mun san shi. Shi ne yake mai da «ƙafa» «kafa», ya mai da «baƙi» «baki» a duk na'urar da ba ta da haruffa masu lanƙwasa, duk da cewa an amince da ɓ, ɗ da ƙ a taron Bamako na 1966, kuma dokar ƙa'idojin rubutun hausa ta 1999 ta tabbatar da su tare da ƴ. Bambancin kawai, mai karatun hausa yana gyara kuskuren daga muhallin zance, manhaja kuwa abin da aka ba ta take ƙirgawa.

Ta fuskar karatu, akwai wata matsala da ta keɓanta da hausa, kuma a ganinmu ita ce mafi muhimmanci a wannan sharhi. Lambar gindi ɓangaren ginin kalma ce, kamar ɗafa-ƙeya: in aka taɓa ta an sauya sinadarin. Lambar gaba ɓangaren ginin jimla ce: tana ƙirga molekil ba tare da ta sauya shi ba. Daidaitawa gaba ɗaya ta rataya a kan wannan rarrabewa, kuma sanannen kuskuren mai koyo shi ne ya gyara H₂ + O₂ → H₂O ta hanyar mai da ruwa H₂O₂. A faransanci lamba tana gabatar sunan da take ƙirgawa, don haka baki yana bin rubutu:

(8) a. 2 H₂O : deux H deux O
b. H₂O₂ : H deux O deux

A hausa kuwa lamba tana bin bayan suna: awaki biyu, buhu goma. Malamin da ya bi ginin harshensa wajen karanta (8a) zai fara faɗin sunan abin, «H biyu O», sa'an nan ya ƙirga shi:

(9) a. 2 H₂O : H biyu O biyu
b. H₂O₂ : H biyu O biyu

Molekil biyu na ruwan sha da molekil ɗaya na ruwan oksijene sun zama abu guda a kunne. In kuma malamin ya kwaikwayi faransanci ya ce «biyu H biyu O», ya kuɓuta daga harshen damo amma ya fita daga hausa, kuma ɗalibi ba ya jin cewa «biyu» ta farko ƙirga take yi. Maganin yana cikin harshen kansa. Hausa tana da kalmar «guda», wadda aikinta shi ne ƙirga ɗaiɗaikun abubuwa. Muna ba da shawarar a tsai da ƙa'ida cewa lambar gindi a karanta ta ita kaɗai, lambar gaba kuma kullum da «guda»:

(10) 2 H₂ + O₂ → 2 H₂O
H biyu guda biyu, da O biyu guda ɗaya, sun ba da H biyu O guda biyu.

Karatun (10) ya ɗara na faransanci da abu ɗaya: yana tilasta a furta lambar gaba 1, wadda rubutu yake ɓoyewa, ɗalibai kuma suke mantawa da ita. Wasan PhET yana kai wa ga wannan rarrabewa ta hanyar ido, tunda yana zana molekil ɗin, yana ƙara yawansu yayin da ɗalibi yake ƙara lambar gaba, bai kuma ba shi damar taɓa lambar gindi ba. Shi ya sa muke ganin ya fi masu ba da amsa kai tsaye amfani a aji. Sai dai ko shi, malami ne zai faɗi abin da ake gani, kuma da wani harshe zai faɗe shi.

6. Kalmar «daidaita»

Saura sunan aikin kansa. Faransanci ya daɗe yana cewa équilibrer une équation, alhali équilibre chimique wani abu ne dabam, wato halin da sauyi mai zuwa da mai dawowa suke tafiya da sauri ɗaya har yawan abubuwan ya daina sauyawa. Saboda ruɗanin da wannan ke jawowa, littattafan makaranta na Faransa da yawa sun koma ga aikatau ajuster. Hausa tana bakin wannan rami, domin «daidaita» da «daidaituwa» tushensu ɗaya, kuma mai fassara zai so ya ba ma'anonin biyu kalma ɗaya. Tunda ba a riga an buga littattafan da za su kafa al'ada ba, muna da damar da faransanci bai samu ba. Shawararmu ita ce a bar «daidaita» ga aikin lambobin gaba, a nemo wa ɗaya ma'anar wata kalma daga wani tushe. «Kunnen doki», wadda ƴan kokowa da ƴan ƙwallo suka sani, tana ɗauke da hoton ɓangarori biyu masu aiki ba wanda ya rinjayi wani.

Masu ganin irin wannan aiki a matsayin ƙawa sai su tuna cewa kafin littafin 1789 akwai na 1787, Méthode de nomenclature chimique, wanda Guyton de Morveau da Lavoisier da Berthollet da Fourcroy suka rubuta domin gyara sunayen sinadarai. A gabatarwar littafinsa na 1789, Lavoisier ya jingina da Condillac, ya nuna cewa gyaran harshen kimiyya da gyaran kimiyyar ba su rabuwa, ya kuma ce aikin sunaye ya sa gaba, sai ya rikiɗe ya zama littafin. Fannin da ake cewa ba ya bukatar aikin kalmomi, da aikin kalmomi aka buɗe shi.

7. Kammalawa

Mun ga cewa manhajojin daidaitawa suna duba jituwar lambobi, kuma suna yin haka ba kuskure. Mun ga kuma cewa ƙidayar zarra ba ta raba (4a) da (4b), ba ta karanta kibiyar (5), ba ta zaɓi tsakanin jimlolin (6), ba ta kuma gaya wa malami yadda zai furta (9). Daga nan muke fitar da shawarwari uku.

Ta farko, kada a hana ɗalibai amfani da manhaja, amma a sauya tambayar. A maimakon «daidaita wannan jimla», a ba su jimlar a daidaice, a ce su faɗa da kalmomi ko sauyin yana faruwa, da wane sharaɗi, da kuma abin da kowace lamba take ƙirgawa.

Ta biyu, sashen harsuna da sashen kimiyyar sinadarai na Jami'ar Abdu Mumuni, da takwarorinsu na Maraɗi da Damagaram da Tawa, su haɗa hannu da INDRAP a tsai da ƙa'idar karanta alamomi da baki kafin a shiga jera sunayen sinadarai. Ya kamata a tuntuɓi abokan aiki na jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato, tunda su daga ingilishi suke fassarawa, mu daga faransanci, kuma in kowa ya yi gabansa za a wayi gari da kalmomi biyu ga kowane abu.

Ta uku ta shafi ɗalibanmu masu neman batun kundi. Hasashen da muka yi a sashe na 5 daga nahawu ya fito, kuma ana iya gwada shi: a yi wa ajin kwaleji shifta ta alamomi irin na (9) da (10), rukuni ɗaya da «guda», rukuni ɗaya ba da ita ba, a ƙirga sau nawa lambar gaba ta koma lambar gindi. Aikin bai bukatar komai sai aji biyu da takarda da yardar malamin kimiyya.